Ɗan Fari da Ciwon Maraina

Ɗan maraina ɗaya gare ni. Na hagu an cire shi a gidan likita na Madawa ina da shekara goma sha uku ko sha huɗu, lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Na fara da wannan ne don in sauke maganar da ta fi nauyi tun da wuri. Abin da ya rage bayani ne na yadda al'amarin ya gudana, don iyaye masu 'ya'ya maza su san ciwon kafin ya shigo musu gida.

A wancan zamani ba shi da suna a garinmu. Yanzu ana ce masa murɗewar maraina. Kowane ɗan maraina yana rataye ne da wata igiya wadda jini ke bi. Wani lokaci, galibi ga yaro mai tasowa, sai ya juya a cikin jakarsa, igiyar ta murɗe, jini ya daina isa gare shi. In an warware cikin 'yan awoyi, yakan tsira. In an wuni an kwana, yakan mutu. Ba abinci ke kawo shi ba, ba ɗaukar kaya ba, ba kuma bin mata ba. Duka ukun an faɗa a kaina.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a gindin dutse, tsakanin Buza da Madawa. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina da mahaifiyata, kuma wanda bai tashi a Adar ta lokacin ba sai an yi masa bayanin abin da hakan ke nufi. Iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari. Ba sa hira da shi, ba sa wasa da shi, ba sa taɓa shi in akwai ido. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma wanda ya fi riƙe ta shi ake yabo. Iyayena suna cikin waɗanda ake ba da misali da su. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, wadda muke kira Ayya. A ɗakinta na girma, darni ɗaya ne tsakaninmu da sashen iyayena. Ita ke yi mini faɗa, ita ke cire mini ƙaya, ita nake gaya wa komai. Maigida take ce mini, don sunan mijinta aka sa mini.

Wannan tsari yana tafiya daidai muddin Ayya tana gida. A girbin shekarar ba ta nan. Ƙanwar mahaifina ta haihu a Tamaske, Ayya ta tafi yi mata wankan jego. Aka bar ni a hannun mutum biyu waɗanda al'ada ta hana su tsaya a gabana su tambaye ni ina ke yi mini ciwo.

Abin ya fara ranar Talata da hantsi, muna kwaso dammunan gero daga gona zuwa rumbu. Na sauke dami na uku, na miƙe, sai na ji kamar an soka mini ƙarfe mai zafi daga ƙasa ya hau har mara. Na durƙusa a bayan rumbu, na yi amai sau biyu. Da na duba cikin walkina, na ga na hagu ya ɗage sama, ya kwanta a gicciye, ba ya taɓuwa. Babu zazzaɓi, fitsari kuma ba ya zafi. Na lissafa waɗannan ɗaya bayan ɗaya ne domin su ne alamun, kuma duka sun bayyana tun a awar farko.

Baba ya iso da nasa damin ya tarar da ni a duƙe. Ya ajiye kayan, ya dubi bakin rumbu, ya ce, "Mi ya samu wanga?"

Babu kowa a wurin sai ni, don haka ni ma rumbun na amsa wa. Na ce, "Ciki ne."

Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, don zafin yana cin marata sosai. Amma na san inda ya taso, kuma ba yadda za a yi in ambaci wurin mahaifina yana ji. Ya ce a je gida a kwanta. Na rarrafa zuwa ɗakin Ayya.

Da azahar mahaifiyata ta kawo ƙwaryar jiƙon kanwa da tsamiya, ta ajiye a bakin ƙofa, ta tsaya ta ba ɗakin baya. Ta ce wa tsakar gida, "Wanda ya cika cikinai da tumu tun da sahe, ga magani nan, shi sha." Tumu shi ne ɗanyen gero da yara ke gasawa a gona, kuma lallai na ci ranar. Na sha kanwar, na amayar da ita. Ta sake jiƙa wata. Da yamma Baba ya ba wasu masu jakuna da za su Tamaske saƙo, su gaya wa Ayya yaronta yana ciwon ciki.

Ranar Laraba aka kira wanzami, Ɗan Jimo, wanda shi ya yi mini kaciya. Mutum ne mai barkwanci, kuma in da wanda zan iya buɗe wa jikina a garin ban da Ayya, to shi ne. Ya shigo ya tsuguna. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya mana baya.

"Ɗan kaciyata, ina ne?" in ji shi.

Na nuna mara. Ya danna nan, ya danna can, hannunsa ya gangara wajen ƙullin walki, na riƙe gam.

Ya yi dariya. "Mi kake ɓoye man? Ni na gyara shi hwa."

Baba ya yi gyaran murya. Ban san dalili ba, wataƙila ƙura ce ta shaƙe shi. Amma Ɗan Jimo ya dubi bayan Baba, ya janye hannunsa. Shi ma ya ji nauyin buɗe ɗan fari ubansa na tsaye. Ya kafa mini ƙaho uku a mara, ya zuƙo baƙin jini ya nuna, ya ce ɗaukar dami ne ya tara shi. Aka ba shi kaza ya tafi.

Na sha tuna wannan safiya. Da Baba ya matsa taki goma daga ƙofar, da na saki ƙullin. Shi kuma damuwa ce ta tsayar da shi a wurin, don iyakar kusancin da al'ada ta yarda masa ke nan.

Ranar Alhamis zafin ya ragu. Na sha fura, na yi barci. Na ji mahaifiyata tana gaya wa maƙwabciya ta kan darni cewa ƙahon Ɗan Jimo ba ya ƙarya. Wannan shi ne wurin da ya fi yaudara a ciwon, kuma ina roƙon a lura da shi. Zafin ba don an warke yake sauka ba. Abin da ke jin zafin ne ya mutu. Kumburi kuwa sai ƙaruwa yake yi, fatar ta yi ja, daga baya ta yi duhu. Walki ya daina shiga, na ɗaura tsohon zanen Ayya, ina tafiya ƙafa a ware in ba kowa.

Ayya ta iso ranar Asabar a kan jaki, kwana na biyar ke nan. Daga baya ta ce ciwon ciki kaɗai ba zai taso ta daga kan mai jego ba. Abin da ya taso ta shi ne ta tambayi mai saƙon wa ya duba ni, ya ce bai sani ba.

Ta shigo tana kakkaɓe zane. "Maigida, kwana ashirin kawai na yi ba ni nan, har ka kwanta? Kishi ne? Tashi in gan ka."

Na tashi, na yi taki biyu.

"Ciki ne, Ayya."

"Ciki ke sa mutum tahiya awa an ɗaure mai turmi tsakanin ƙahwahu? Buɗe. Ni na wanke ubanka, balle kai."

Na buɗe. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta fita tsakar gida, ta kira Baba da sunansa, ta faɗi inda ciwon yake da kalmar da ake faɗinsa, da ƙarfi, yadda har maƙwabta sun ji. Ta ce, "Kwana biyar kuna ba shi kanwa. Ba wanda ya ɗaga mai zane?" Na ji mahaifiyata ta shiga ɗaki ta saki labule.

Mako na biyu na masu shawara ne. Tsofaffin mata suka ce gwaiwa ce, a bar ta, ba ta kisa. Wani a ƙofar masallaci ya ce ciwon sanyi ne, yaran yanzu in sun je kasuwar Buza ba a san inda suke shiga ba. Maganar ta iso gida, ranar Baba bai ci tuwo ba. Malam ya yi rubutu na sha. Ɗan Jimo ya dawo cike da kunyar abin da ya wuce shi, ya ce yanzu da ya ga wurin ya gane, ruwa ne ya taru, sai an tsaga. Ayya ta yarda, ita ta riƙe mini ƙafafu. Ya yi tsaga huɗu a kan kumburin. Ɗan baƙin ruwa ne kawai ya fito. Ya barbaɗa garin magani, ya ɗaure da tsumma.

Ina son Ayya fiye da kowa a duniya, amma dole in faɗa: murɗewar ta kashe ɗan maraina ne kawai, tsagar ce ta kusa kashe ni. Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ni, wurin ya yi mugunya, ɗakin ya ɗauki wari.

Wanda ya fara faɗin gaskiyar ciwon ba malami ba ne, ba wanzami ba. Agali ne, maƙwabcinmu Buzu, manomi mai raƙumi ɗaya, wanda shi ke dandaƙe wa gari raguna in ana so su yi ƙiba. Ya zo gaisuwa, Ayya da ba ta jin kunyar kowa ta ce ya shigo ya gani. Ya tsuguna, ya duba, bai taɓa ba.

Ya ce, "Ayya, wagga ba gwaiwa ba ce. Gwaiwa shekara take yi tana girma, kuma ba ta kada mutum rana guda. Ni in na dandaƙe igiyar rago, haka nashi ke yi. Shi kumbura kwana uku, shi yi baƙi, shi shanye. Igiyar wanga ta mutu."

"To wa ya dandaƙe man miji?"

"Ban sani ba. Amma nawa ba su ruɓewa, don ba ni tsaga su. Ku kai shi likita. Raƙumina na nan."

Baba bai so ba, kuma yana da dalilansa. Rabin geronmu yana zube a gona. Madawa akwai bariki, kuma namiji mai ƙarfi da ya yi yawo kusa da bariki a lokacin yana iya tsintar kansa a aikin tilas na hanya. Babban dalilin kuwa shi ne abin da kowa ke faɗa, cewa likitan Nasara in ya sa wuƙa a wannan wuri, duka yake kwashewa, yaro ya dawo ba namiji ba. Tsoron gidanmu ke nan tun daga ranar, kuma shi ya zama nawa shekaru da yawa: ko zan haihu.

Ina kwance ina jin su ta bayan darni. Baba ya ce wa Ayya, "Inna, in sunka hiɗiye shi hwa? Mi za ni ce ma mutane?"

Ayya ta ce, "In ya mutu nan, mi za ka ce musu? Ka binne shi da kayanai cikakku?"

Da gari ya waye raƙumin Agali yana durƙushe a ƙofar gida, an ɗaura masa buhun gero da tukunya. Aka shimfiɗa mini buzu, aka ɗora ni a gicciye. Agali yana ja, Ayya tana kan jakinta, Baba yana biye a ƙasa. Saboda ni ake tafiya a hankali, ana tsayawa a kowace inuwa, sai bayan la'asar muka shiga Madawa. Mai doki, ko raƙumi mai sassarfa, awa huɗu yake yi a wannan hanya.

Gidan likitan ɗaki uku ne da baranda, sai wata babbar tsamiya wadda majinyata da masu jinya ke zaune a ƙarƙashinta, kowa da murhunsa. Mun tarar an tashi daga aiki. Washegari muka shiga layi tun da sassafe, a bayan masu kurkunu, masu ciwon ido, masu gyambo, da wasu samari daga aikin hanya da duwatsu suka farfasa wa ƙafa. Hantsi ya yi, layin bai yi rabi ba. Ayya ta bar ni ta nufi ƙofa. Mai gadi ya tare ta, ta ce masa, "Ɗana, zo ka shinshina yaron can, sannan ka hwaɗa man in shina iya jiran azahar." Bai je ba, amma ya buɗe mana.

Babban ma'aikacin jinyar wurin, wanda kowa ke kira Majo, Bazabarme ne mai furfura, Hausarsa tana da ɗan nauyi. Ya kwance tsumman, ya ja tsaki.

"Wa ya tsaga?"

Ayya ta ce, "Wanzami. Ni na riƙe mai."

"To, kin yi gaskiya. Sauran cewa suke yi da kansa ya fashe."

Ya wanke wurin da wani ruwa mai launin shuni, ya matse mugunyar ina ihu, ya ɗaure. Ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, sai likita ya zo rangadi daga Tawa, kuma bai san ranar ba. Magani ya yi ƙaranci saboda yaƙi. Ƙyallen ɗaurin ma wankewa ake yi a dafa a sake amfani da shi, kuma bai isa kowa ba. Ayya ta yage zanenta mai kyau, wanda ta tafi da shi bikin suna a Tamaske, ta ba Majo ya dafa. A shekarun nan tufafi sun yi wuya har wasu mata ba sa fita da rana.

Kwana takwas muka jira, shi ne mako na uku. Kullum da safe Majo yana wanke ciwon da hannunsa, bai taɓa fashi ba. Zazzaɓin yana sauka da safe, ya dawo da yamma. Ayya tana dama mini kunu, tana kore ƙuda, tana faɗa da wata mata 'yar Bangi a kan wurin inuwa, daga baya suka zama aminai suna girki tukunya ɗaya. Agali ya koma da raƙuminsa, shi da maƙwabta suka kwashe mana sauran geron, ko da yake gara ta riga ta ci na ƙasa. Baba ya sauka a zauren wani malami a cikin gari, nesa da bariki. Kowace safiya yana zuwa da itace a ka, ya ajiye, ya tsaya a gefen tsamiya ya ce wa Ayya, "Ƙaƙa anka kwana?" Ta ba shi labari. Sai ya tafi. An sayar da ragon da aka ajiye don layya, da shi muka ci abinci a Madawa.

Likitan ya iso a wata kamiyo, babbar mota mai aiki da gawayi, wadda ake jin ƙuginta tun daga nesa. Baƙin mutum ne dogo, an ce a Dakar ya yi karatu, ba ya jin Hausa. Ban taɓa sanin sunansa ba. Da aka kwantar da ni Ayya ta fara bayani, sai ya ɗaga hannu, ya yi wa Majo magana. Majo ya ce, "Ya ce yaron ya faɗa da bakinsa. Yaushe ya fara, kuma yaya ya fara?"

Na faɗa: hantsi, dami na uku, amai biyu, ya ɗage sama, ya kwanta a gicciye. Likitan yana gyaɗa kai tun kafin Majo ya gama fassara. Ya duba, ya miƙe, ya ce, "Toro tar." Kalmomin Faransanci na farko da na riƙe ke nan. Ma'anarsu, an makara ƙwarai.

Ya ce a kira uban yaro, don ba zai yanka ba sai da yardarsa. Baba ya shigo, ya tsaya yana kallon bango. Likitan ya ɗauki wata igiya a kan tebur, ya ɗaura mata kwalba, ya juya kwalbar har igiyar ta murɗe, ya nuna. Majo ya ce, "Haka ya faru. Ba wanda ya yi masa, ba abin da ya ci, ba inda ya je." Da jin wannan na ƙarshe na ga kafaɗun Baba sun sauka.

Likitan ya tambayi nisan garinmu. Aka gaya masa. Ya yi magana doguwa, Majo ya taƙaita. "Ya ce da an kawo shi ranar da ya fara, kafin la'asar, da akwai dama. Ko ni zan iya gwada juya shi da hannu ya koma daidai, na taɓa yi wa wani soja. Yanzu ya mutu, ya ruɓe, sai cirewa."

Ayya ta ce, "Tambaye shi magana guda. Shina haihuwa?"

Majo ya tambaya. Likitan ya yi ɗan murmushi. "Ya ce na dama lafiyarsa lau, kuma ɗaya ya isa, in Allah ya so. Amma ya ce shi ma yana iya juyawa. Ranar da ya ji irin wannan zafi, kada a jiƙa komai, a hau doki."

"Shi rantse ba ya taɓa mai lahiyar."

"Tsohuwa, likita ba ya rantsuwa. Ni zan tsaya a wurin."

Baba ya ce wa bango, "A yi."

An yi aikin washegari da safe, a kan tebur kusa da taga don haske. An ɗora mini ƙyalle a hanci, aka ɗiga wani abu mai wari, Majo ya ce in ƙirga dammunan gonarmu. Na farka ina amai, Ayya tana riƙe da kaina. Abin da ta fara ce mini shi ne, "Na duba. Guda na nan." A kwana na huɗu zazzaɓi ya tafi bai dawo ba. Saboda ruɓar da tsagar ta jawo ba a rufe ciwon duka ba, an bar shi ya cike daga ciki, wannan ya ci mako biyu da 'yan kwanaki ana wanki kullum. A mako na shida Agali ya dawo da raƙumi ya ɗauke mu. Ƙanwar Baba ta gama jegonta ba uwa a kusa, kuma ta daɗe tana faɗa.

Godiyata ga mutum huɗu take: Ayya, Agali, Majo, da likitan nan. Duka sun rasu, Allah ya jiƙan su. Ɗan Jimo ban riƙe shi da komai ba, ya yi abin da ya gada. Ƙorafina a kan kwana biyar ɗin farko ne, musamman rabin yinin farko, kuma ina cikin masu laifi, tunda da bakina na ce ciki ne.

Ga abin da nake so a ɗauka. Yaro namiji in ya durƙusa farat ɗaya da ciwon mara da amai, a duba marainansa, ko ya ce ba nan ba ne. In uba ba zai iya ba, ya kira wanda zai iya, shi kuma ya bar wurin, ya yi nisa sosai. Kada a jira a ga abin da gobe za ta yi, kada a tsaga, kada a yi murna don zafi ya sauka. Likitocin yanzu suna warware igiyar, su ɗinke duka biyun a jikin jaka don kada su sake juyawa. Amma awoyin ba su ƙaru ba, yadda suke a zamaninmu haka suke yau.

A gari maganar likita ba ta yi tasiri ba. Abin da aka sani shi ne an kai ni wurin Nasara an yanka. Yara suka sa mini suna Ragon Agali. Na yi lakkol, wato makarantar boko, a makare, na sami aiki a birni, amma labarin yana nan yana jirana a gida. Yarinyar da na fara nema, iyayenta sun karɓi gaisuwa da fara'a, bayan mako biyu suka aiko cewa an riga an yi mata miji. Kowa ya san dalili. Na auri wata daga Keita, muka yi shekara uku babu ko ɓari. A shekarun nan ban ga laifin masu magana ba, don ni ma na fara yarda da su. Ayya ta rasu a shekara ta biyu, ba ta ga amsar tambayarta ba. A shekara ta huɗu matata ta haifi namiji.

Da ya yi wata uku muka kai shi ƙauye. Wata rana da la'asar ina zaune a tsakar gida, mahaifiyata tana kan tabarma da jaririn a cinyarta. Ni har lokacin ba ta kiran sunana, amma jika ba a jin kunyarsa. Tana yi masa wasa, tana ce masa mijinta, tana zagin hancinsa. Can sai muryarta ta sauya, ba ta ɗago ba.

Ta ce wa jaririn, "Ranar da ciwon nan ya kama ubanka, ina bayan darni ina sussuka. Na gan shi bayan rumbu. Na ga inda ya riƙe, ba ciki ba ne. Na sani, na tahi na jiƙa kanwa." Ta gyara masa wuya. "Tambayar man shi, tunda ya yi karatun Nasara. Da na hwaɗa ranan, da an tsira da shi?"

Ba ta je Madawa ba. A nan na gane Ayya da Baba ba su taɓa gaya mata abin da likita ya ce ba. Ni kuwa lissafin yana kaina: hantsi ne, raƙumin Agali yana ɗaure a ƙofar gidansa, hanya awa huɗu ce, Majo yana wurin aikinsa. Ba tabbas ba ne, amma akwai dama.

Na dubi jaririn na ce, "Ce mata a'a. Ko an faɗa, haka za ta kasance."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da yi masa wasa.

Ta rasu a kan wannan amsa. Ba gaskiya na gaya mata ba. Gaskiyar ita ce wadda na rubuta a nan.